Ƙofar Da Ta Ƙi Zama A Bango

Sakan takwas ne kacal. Yarinya ta shigo tsohon zaure da tulu a ka, kyamara tana bin ta a hankali daga hagu zuwa dama, sai ga ƙofa ta bayyana a jikin bangon ƙasa, inda ba a taɓa yin ƙofa ba tun ran da aka gina gidan. Ƙofar ta buɗe, haske ya kwararo, yarinyar ta gifta ta gabanta. Iyakar sin ɗin ke nan. A kan waɗannan sakan takwas na shafe mako biyu ban yi barcin kirki ba, kuma abin da na koya a cikinsu ya fi abin da na kwasa a zangon karatu guda.

Muna shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin fim, aka raba mu rukuni-rukuni, kowane rukuni zai fitar da gajeren fim. Namu daga tatsuniya muka ciro shi. Ni aka ɗora wa siddabarun hoto, wato haɗa abin da kyamara ta ɗauka da abin da aka ƙera a kwamfuta, har mai kallo ya kasa gane mahaɗa. Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Hausa, tun daga zamanin Turmin Danya na 1990, ya san tsohuwar dabara: a kafe kyamara wuri ɗaya, a tsayar da ɗauka, boka ya fice, a ci gaba, sai ka ga mutum ya ɓace ɓat. Dabarar ta girmi kakanninmu, don Bafaranshen nan Georges Méliès ya fara aiki da ita tun 1896. Mu kuwa abin da muke so shi ne kyamara ta yi tafiya, ƙofa kuma ta zauna daram kamar magini ne ya dasa ta.

Ranar shutin muka rataya koren ƙyalle daidai girman ƙofa a jikin bangon, muka manna ƙananan alamomi na salatif a kansa da kewayensa. Mai kyamararmu ya girme mu nesa, da ɗaukar bukukuwa yake ciyar da iyalinsa, taimakonmu kawai ya zo yi. Edita kuwa 'yar ajinmu ce. Bayan mako guda na ce mata, "Malama, a taimaka a turo min sin ɗin ƙofa." Washegari ta miƙo min filas da fayil ɗaya a ciki. Na karɓa, na yi godiya, ban tambayi komai ba.

Na ƙera ƙofar a Blender, manhajar nan ta kyauta da Ton Roosendaal na ƙasar Holan ya buɗe wa duniya a 2002, wadda ta zama gatan ɗalibin da ba shi da kuɗin sayen manhaja. Ƙofar itace na yi mai ƙusoshin ƙarfe, irin ta gidajen da. Na bi sawun kyamara, na cire koren, na ɗora yarinyar a sama, na fitar da hoton, na kai wa Malam, mai koyar da mu, ina jin na gama.

Malam ya kalla sau uku bai ce uffan ba. Sannan ya miƙo min biro ya ce, "Kada ka taɓa komai tukuna. Zauna ka rubuta abin da idonka ya gani. Abin da kake zato ka bar shi a ranka."

Abu uku na rubuta. Na farko, ƙofar tana zillo a jikin bango, ta yi kamar za ta zame sai ta dawo. Na biyu, gefen mayafin yarinyar, a daidai inda ta gifta gaban koren ƙyallen, ya zama kamar haƙoran zarto. Na uku, ƙofar da haskenta sun fito kamar hoton da aka yanko daga kalanda aka manna, ba su shiga jikin zauren ba.

"To," in ji Malam, "ruwa ba ya tsami banza. Je ka nemo."

Waɗanda Na Fara Zargi

Da zillon na fara, don shi ya fi tsone ido. Wadda na fara tuhuma kwamfutata ce. Tsohuwa ce, kuma tun ranar da na buɗe fayil ɗin na lura hoton gaba ɗaya yana ɗan ɗingishi, na ce ai nauyi ne ya yi mata yawa. Na kai aikin babbar kwamfutar makaranta. Ƙofa ta ci gaba da zillonta. Ɗingishin ma yana nan, amma idona yana kan ƙofa, ban ba shi muhimmanci ba. Na wanke kwamfuta daga zargi.

Na koma kan bin sawu. Ga yadda abin yake: fim jerin hotuna ne tsayayyu da ake kira firem, ana wuce da su da sauri har ido ya ga motsi. Kai za ka nuna wa manhaja wasu ɗigo-ɗigo a jikin hoton, kamar alamar salatif ko tsagar bango, ita kuma ta bi kowanne daga firem zuwa firem. Abin da ke kusa da kyamara ya fi na nesa saurin wucewa, kamar yadda mai tafiya a mota yake ganin itatuwan bakin titi suna gudu, duwatsun nesa kuwa suna jan jiki. Daga wannan bambanci manhajar take lissafo hanyar da kyamarar gaske ta bi, ta ƙera ta ƙarya mai bin wannan hanya sak. Blender ba ta yarda ta yi lissafin sai ta sami aƙalla ɗigo 8 da take gani a firem biyun da take awo da su, kuma takan gaya maka girman kuskurenta. In kuskuren ya haura fiksel ɗaya, wato ƙwayar ɗigon hoto guda, akwai sauran aiki.

Na share duk abin da na yi da farko, na sake bi da ɗigo sama da 20, ina zubar da duk wanda ya yi wargi. Da na buɗe zanen da ke nuna tafiyar kyamara, sai na ga layin ya fito hawa-hawa kamar matakala, daidai yadda ya fito a karon farko. Na sha jin cewa layin bin sawu yakan zo da 'yar karkarwa, kuma akan lailaye shi. Na lailaye shi a karon farko, na sake lailaye shi a karo na biyu, har ya miƙe sumul. Na fitar da hoto. Ƙofa ta yi zillo kamar ban yi komai ba.

Amma wannan zagayen bai tafi a banza ba. Da na ƙura ido, na gane motsin iri biyu ne. Akwai zillon nan mai sauri, akwai kuma wata zamewa a hankali da ke faruwa idan ƙofar ta kusanci gefen hoto. Ita wannan ta biyu ta kai ni ga gilashin kyamara.

Na je wurin mai kyamara na ce, "Yaya, da wane gilashi aka ɗauki sin ɗin ƙofa?"

"Mai milimita 18, ƙanena. Zauren ya yi ƙunci, babu wurin ja da baya."

Gilashi mai faɗin gani irin wannan yakan kumbura hoto kamar cikin ganga: layin da yake miƙe a zahiri sai ya ɗan lanƙwashe a gefe. Kyamarar cikin kwamfuta kuwa ba ta da wannan aibi, layinta miƙe yake ko'ina. Ke nan a tsakiyar hoto ƙofa da bango za su yi daidai, a gefe kuma su raba hanya. Maganin sananne ne. Muka buga takarda mai gida-gida baƙi da fari, muka manna a allo, Yaya ya ɗauke ta da wannan gilashin. Manhaja ta auna yadda layukan suka lanƙwashe, ta ba ni ma'auni. Da shi ake miƙar da hoton kafin a bi sawu, a dasa ƙofa, sannan a mayar wa ƙofar lanƙwasar da gilashin ya yi wa bango, su zama jinsi ɗaya.

A wannan ranar wani abu ya wuce ta gabana ban kama shi ba. Hoton takardar da Yaya ya ba ni ya fito koɗaɗɗe, kamar atamfar da ta sha wanki da rana. Na ce, "Yaya, kamar saitin ya kuskure." Ya ce, "A'a, haka take ɗauka. Log ke nan. Duk fim ɗinku a haka na ɗauke shi." Na gyaɗa kai na wuce. Ban tsaya na tambayi kaina ba: in duk fim ɗin koɗaɗɗe aka ɗauke shi, me ya sa fayil ɗin da ke hannuna yake da launi raɗau?

Zamewar gefe ta warke. Zillo yana nan.

Saura mutum ɗaya a jerin waɗanda nake zargi. Yawancin kyamarorin yau ba sa ɗaukar firem gaba ɗaya a lokaci guda, layi-layi suke karanta shi daga sama zuwa ƙasa. In an juya kyamara da sauri, kafin a karanta ƙasan hoto ta riga ta gusa, sai ka ga abin da yake tsaye ya karkace. Na duba dogaran ƙofar zauren ta gaske, wadda yarinyar ta shigo ta ciki, firem bayan firem. A tsaye suke ƙyam, don tafiyar kyamarar a hankali take. Shi ma na sallame shi.

Lambar Da Ta Yi Magana

Ranar kwana na tara na koma ofishin Malam hannu rabbana. Na zayyana masa duk abin da na gwada. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Yaushe take yin zillon?"

"Allah gafarta Malam, koyaushe."

"Babu koyaushe a fim. Kowane firem da lambarsa. Ka daina kallon hoton yana gudu. Taka shi ɗaya-ɗaya, duk inda ta motsa ka rubuta lambar."

Na zauna a gefen teburinsa ina danna maɓalli ɗaya, ina kallon inda kusurwar ƙofa ta haɗu da wata tsagar bango. Firem na 1 zuwa na 5, babu abin a-zo-a-gani. A na 6 kusurwar ta tsallake tsagar. Na rubuta. Na ci gaba: 12. Sai 18, sai 24, sai 30. Kafin na kai 60 hannuna ya fara rawa. Kuskuren hannu ba ya zuwa da tsari irin wannan, karkarwar bin sawu ma ba ta san lissafi ba. Abin da ke dawowa a kowane firem na shida, na'ura ce ta yi shi.

Malam ya ce in cire ƙofar gaba ɗaya, in bar hoton zauren tsura. Sannan ya nuna min wata dabara mai sauƙi: ka ɗora hoton a kan kansa, ka gusar da na sama da firem ɗaya, ka ce wa manhaja ta ɗebe wannan daga wancan. Duk inda firem biyu suka bambanta zai yi haske, inda suka yi daidai zai yi baƙi. Muka taka. Zane-zanen haske, zane-zanen haske, har sau biyar, sai allo ya yi duhu. Biyar kuma, sai duhu.

Na ce, "Ko dai Yaya ne yake ɗan tsayawa?"

Malam ya ƙara wa duhun haske har ƙarshen ma'auni. "Duba nan. Kowane hoto da kyamara ta ɗauka yana da yashi-yashi a jikinsa, musamman a wuri mai duhu irin zaure. Wannan yashin ba ya zama. Ko ka ɗaure kyamara da igiya, na firem ɗin nan daban, na mai bi masa daban. Ina yashin a nan?"

Babu shi, sai 'yan burbushin da matse fayil ya bari. Yarinyar ma, da ƙafarta a sama, ta daskare. Firem na 6 kwafin na 5 ne. Na 12 kwafin na 11 ne.

Malam ya ce in aika a kawo takardar kontiniti, wadda ake rubuta bayanin kowace ɗauka a ranar shutin. A gaban sin ɗin ƙofa an rubuta: firem 25 a sakan. Sakan takwas sau 25, firem 200 ke nan. Na duba fayil ɗina: firem 240, a kan 30 a sakan. Rarar 40. In ka raba 240 gida shida, 40 za ka samu. Lissafi ya rufe ruf. Wani ya ɗauki hoton 25 ya zuba shi a mazubin 30, manhaja kuma ta cike gurbin da maimaita firem ɗaya bayan kowane biyar.

Daga nan sauran ya warware da kansa, kuma a kaina ya warware. Matakalar nan da na gani a zanen tafiyar kyamara gaskiya ce tsagwaronta. Manhajar bin sawu ta ga bango yana taku biyar yana tsayawa, ta rubuta haka. Ni na sa hannu na lailaye shaidar, har sau biyu. Sakamakon haka bango yana taku biyar ya huta, ƙofa kuwa tana taku shida 'yan ƙanana babu hutu. Duk inda bango ya tsaya, ƙofa ta wuce shi. Sau biyar a kowane sakan. Zillon ke nan.

Daga Wa Ka Ji?

Na ce to bari in goge firem 40 ɗin nan in huta. Malam ya girgiza kai.

"Abu uku ka rubuta, ɗaya ka gano. Ɗana, malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun san wanda ya faɗe ta, da wanda ya ji daga gare shi, har a kai tushe. Hoto ma yana da isnadi. Wannan fayil ɗin, daga wa ka karɓa? Ita daga ina ta samo? Me ya same shi a hanya?"

Na fara da Yaya. Ya tabbatar min da gangan ya zaɓi 25. Wutar lantarkinmu, a Najeriya da Nijar duka, tana kai-komo sau 50 a sakan, kuma mun haɗa da ƙwayayen fitila a zauren. In saurin ɗauka bai jitu da na wuta ba, hoto yakan yi ƙyafta-ƙyafta. Dalilin ke nan da talabijin a Turai da yawancin Afirka ya zauna a kan 25, na Amurka kuwa, inda wuta take kai-komo sau 60, ya zauna a kan 30, kafin a ɗan rage shi zuwa 29.97 a 1953 saboda shigowar launi. Silima tana da nata, 24, tun ƙarshen shekarun 1920 da fim ya fara magana. Wayoyin hannu kuma galibi da 30 suke zuwa daga kamfani. Ma'auni uku ke nan suke yawo a hannun ɗalibi ɗaya.

Kalmar waya ce ta kai ni wurin edita. Na ce, "Malama, da wane hoto kika fara gina fim ɗin?"

Ta buɗe aikinta. Abu na farko a layin editin shi ne fitowar rana a kan rufin gidaje, wanda daraktanmu ya ɗauka da wayarsa don buɗe fim. Da ta jefa shi, manhajar ta tambaye ta ko ta daidaita layin da wannan hoto, ta amsa da e. Daga wannan lokacin duk abin da ya hau layin ya koma 30. Da na nemi sin ɗin ƙofa, daga wannan layin ta yanko min. Ta bar masa rigar launin da ake kira LUT, wadda ta sa don darakta ya daina ganin hoto koɗaɗɗe, sannan ta matse shi da H.264 don ya yi sauƙin ɗauka. Bugu da ƙari, saboda ƙarancin wuri a kwamfutarta, da ƙananan kwafi take editin, ba da asalin hoton ba. Abin da na yi kwana tara ina fama da shi jikan hoton ne, ko ɗansa bai kai ba.

Idonta ya ciko, ta ce, "Ni na ɓata maka aiki." Na ce mata laifin a wuyana yake. Abin da na roƙa shi ta ba ni. Ni ne mai siddabarun hoto, ni ya kamata in rubuta mata abin da nake bukata dalla-dalla.

Saura asalin. Na kira Yaya, ya ce, "Ai ƙanena, katin kyamarar nan ya je biki biyu tun daga ranar." An goge. Gabana ya faɗi. Abin da ya cece mu wata doka ce da Malam ya kafa tun farkon shekara, wadda muke ganin takura ce: ba a mayar da kati sai an kwafe shi a faifan ajiya biyu, a hannun mutum biyu. Ɗaya yana jakar mai kontiniti. Muka buɗe shi a gaban Malam, muka bi lambar lokacin da ke jikin ƙaramin kwafin edita har muka kai kan fayil ɗin. Ga shi nan: 25 a sakan, koɗaɗɗe, yashinsa yana motsi a kowane firem.

Cuta Uku, Saiwa Ɗaya

Na gwada cire kore a kan asalin, gefen mayafin ya fito lafiya, har ana ganin zaren bakinsa. Dalili kuwa shi ne idon mutum ya fi kula da haske da duhu a kan launi, don haka masu matse bidiyo launi suke fara zubarwa. A tsarin da ake kira 4:2:0, fiksel huɗu suke tarayya a launi ɗaya. Hoto mai 1920 da 1080, launinsa 960 da 540 ne kawai. Mai kallo ba zai lura ba, amma manhajar cire kore da launin nan kaɗai take yanke hukunci: wannan ɗigon ƙyalle ne, wannan mayafi ne. Asalinmu 4:2:2 ne, bayanin launinsa ya ninka na wancan, kuma mai bit 10 ne, wato matakai 1,024 a kowane launi, inda fayil ɗin filas yake da 256. Dabarar ɗaukar mutum a gaban launi ɗaya ta daɗe, Larry Butler ya ci kyautar Oscar da shuɗin labule a fim ɗin The Thief of Bagdad na 1940. Kore ya karɓi fage a zamanin dijital saboda ya yi nisa da launin fatar mutum, kuma a tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976, wanda yawancin kyamarori suke bi, ɗigon kore biyu ne a kan kowane ja ɗaya da shuɗi ɗaya. Duk wannan alherin, matsewa ɗaya ta rashin kula tana iya zubar da shi.

Cuta ta uku ma nan ta samo asali. A duniya, fitila biyu haskensu ninkin na fitila ɗaya ne, kuma da wannan miƙaƙƙen lissafi Blender take fitar da ƙofa. Hoton da aka shirya don allon kallo kuwa an lanƙwasa lissafin haskensa, rigar launi ta danne inuwa, ta ƙone wurare masu haske. Ni na zuba hasken ƙofa a kan wannan, kamar mai haɗa awon mudu da na tiya. Log ɗin da na raina don koɗewarsa, hanya ce ta adana bayanin inuwa da na haske gaba ɗaya. Ana mayar da shi miƙaƙƙen lissafi, a haɗa da ƙofa a can, sannan a ƙarshe a sa wa dukansu rigar launi ɗaya.

A ranar Malam ya sa muka shirya hoton tushe yadda masu sana'ar suke yi, ni da edita a kujera ɗaya. Daga asali muka ciro, ba tare da rigar launi ba, ba a ƙara girma ba, ba a rage ba, ba a gyara girgiza ba. Muka ƙara firem 8 a gaba, 8 a baya, irin gyaran da mai awo yake yi wa mai saye, don in darakta ya so ya ɗan tsawaita sin ɗin kada a dawo farko. Firem 216 ke nan. Maimakon fayil ɗin bidiyo ɗaya, muka fitar da su hoto-hoto a tsarin OpenEXR, wanda kamfanin Industrial Light & Magic ya saki ga kowa a 2003. Kowane firem yana kai kusan megabayit 12 kafin a matse shi, kuma matsewarsa ana iya zaɓar wadda ba ta zubar da komai. Jerin hotuna ba ya iya ɓoye maimaici a cikinsa, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar fitarwa kuma, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Muka fara lamba daga 1001, kamar yadda aka saba a sana'ar, don in an bukaci ƙari a gaba kada lamba ta faɗa ƙasa da sifili. Sin ɗin ya fara a 1009, ya ƙare a 1208, gyara ya kai 1216. Muka ajiye ɗan ƙaramin bidiyo daban mai launi da lambobi a jiki, na dubawa kawai. Muka haɗa da hoton takarda mai gida-gida, da bayanin gilashi, da saurin ɗauka, duk a babban fayil ɗaya mai suna bayyananne.

Kafin in taɓa ƙofa, Malam ya sa na mayar wa edita jerin hotunan yadda suke. Ta ɗora su a kan asalin ta ɗebe wannan daga wancan. Baƙi ƙirin daga farko har ƙarshe. Wannan karon duhun albishir ne: babu abin da ya ɓata a hanya.

Na sake bin sawu. Layin ya fito miƙe da kansa, ban lailaye komai ba. Na rage yashi a kwafin da zan cire kore da shi, bayan haɗawa kuma na auna yashin zauren na yafa wa ƙofar irinsa, don abin da aka ƙera a kwamfuta tas yake fitowa, kuma tsabtar nan tana tona shi. Na daidaita baƙin inuwar ƙofa da baƙin lungun zauren. Kwana uku aikin ya ci.

Malam ya kalla sau uku kamar ranar farko. Ya ce, "Ta zauna."

Ribar ba ta tsaya a sin ɗaya ba. Ɗingishin nan da na ɗora wa kwamfutata yana cikin fim ɗin gaba ɗaya, kowane sin, minti goma sha biyu cur, mu bakwai muna kallonsa kullum ba wanda ya kama shi. Edita ta sake gina layinta a kan 25, hoton wayar darakta ne aka daidaita da sauran. Ba don ƙofar ta ƙi zama ba, da haka za mu kai fim ɗin gaban jama'a.

Ɗan'uwa ɗalibi, ko kai da kake wannan aiki a wani shago a Kano ko Jos ko Maraɗi: ranar da aka miƙo maka filas, kada ka yi gaggawar buɗe manhaja. Tambayi firem nawa aka ɗauka a sakan, ka ƙirga da kanka ka ga ko lissafi ya fita. Tambayi ko asali ne ko kwafi, ko an sa masa launi, ko an matse shi, da gilashin da aka ɗauke shi. Rubuta wa edita bukatarka a takarda tun kafin a je lokeshan, don tun ran gini ake zane. In kuma na'ura ta nuna maka abin da ba ka gane ba, kada ka goge shi sai ka san abin da take faɗi. Finafinanmu suna da labaran da suka cancanci siddabaru mai kyau, kuma wannan aikin daga tsabtar hoton tushe yake farawa. Ka nemi asali, ka san hannun da ya bi kafin ya iso gare ka.